Fari Shi Ke Fari

Fari kalma ce ƙarama, baƙaƙe biyu da wasula biyu, amma a rubutun boko kayan da ta ɗauko sun fi na jakin fatake. Akwai fari na launi, kishiyar baƙi. Akwai fari na somawa, wanda ake ji a ɗan fari da auren fari da tun da fari, shi ne wanda baki ke jan wasalinsa na farko. Akwai fari na ɗaukewar ruwan sama bayan shuka ta tsiro, wanda manomi ba ya son ko a ambata masa. Sai kuma farin da budurwa ke yi da ido. Kunne yana rarrabe su ta tsawon wasali da hawa da saukar murya, takarda ce ta ɗinka musu riga iri ɗaya. Biyun farko sun yi kiciɓis a inda babu wanda ya shirya musu haɗuwa, wato wasan ces, darar nan mai gidaje 64, inda doka ta ce mai fararen 'ya'ya shi ke fara taku. A wasu harsunan sai an gina wa dokar jimla. A Hausa in an ce fari, an faɗi launin an kuma faɗi matsayin.

Dokar ba ta kai wasan tsufa ba. Ces ya taso daga Indiya wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa, ya shiga hannun Larabawa da sunan shaɗaranji, kuma a duk tsawon wannan tafiya launi bai ba kowa ikon riga wani ba. Sai a ƙarshen ƙarni na 19 abin ya zauna, har aka rubuta shi cikin ƙa'idojin gasar New York ta 1880, cewa duk wanda takun farko ya faɗo a kansa shi zai riƙe farare. Ƙasar Borno ta san wasan tun kafin ta ji labarin wannan ƙa'ida. A 1934 wani jami'in Turawan mulki mai nazarin al'adu, C. K. Meek, ya buga ɗan taƙaitaccen bayani a kan wani ces da ake yi a Borno mai suna tsatsarandi, sunan da ko a kunne an ji ɗan gidan shaɗaranji ne. An naɗa wa 'ya'yan sarautun gida: sarki shi ne mai, na kusa da shi ciroma, na kusurwa kaigama, doki kuwa aka bar shi da sunansa na Barebari. Almajirin da ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ma ya ci karo da sunan shaɗaranji a cikin wasannin da littafin ya hana, sau da yawa tun bai taɓa ganin allon wasan da idonsa ba. A nan za a kira 'ya'yan sarki da sarauniya da giwa da doki da hasumiya da dakaru, gidajen kuma da harafi da lamba, daga a zuwa h a kwance, daga 1 zuwa 8 a tsaye.

Hausa ta ɗora wa fari alheri mai yawa. Farin ciki ne, farin jini ne, farar aniya ce, kuma maroƙi ba ya gajiya da kiran ubangidansa fari mai farar aniya ko da mutumin baƙi ne wuluk. Mai wannan kunne in ya ji fari ke farawa, sai ya ɗauka an ba shi nasara a hannu. Lissafi bai yarda da haka ba sai kaɗan. A manyan gasanni mai farare yakan tashi da kashi 52 zuwa 56 cikin ɗari na maki, wato ya ɗara abokin karawarsa, bai tsere masa ba. Taku ɗaya ne tak aka ba shi rance, in ya yi sakaci sau ɗaya ya biya. Masu iya magana sun ce zuwa da wuri ya fi zuwa da wuri-wuri, kuma maganar ta dace da allon ces kamar don shi aka yi ta: sammako ba ya ciniki in hannu babu komai.

Hausar dai ba ta bar fari ya yi ta cin karensa babu babbaka ba. Ta ajiye masa farar ƙafa, zargin da ake jifan mace da shi in an ga kamar zuwanta ne ya kawo tsiya. Ta kuma san likkafani. Zabarmari, garin manoman shinkafa da ke Ƙaramar Hukumar Jere, arewa maso gabas da Maiduguri, ya san farare iri-iri: balbela a bayan garma, shinkafa in ta fito daga injin casa, da kuma farin da aka jera a ƙasa washegarin 28 ga Nuwamba, 2020, lokacin da aka yi jana'izar mutum 43 da aka kashe suna girbi a gonakin Koshebe. Wannan farin ba shi da alaƙa da wasa, an ambace shi ne don kalmar ba ta cika ba in babu shi.

Sunan garin yana nuni da Zabarmawa, kamar yadda Hausari a cikin Maiduguri ke nuni da Hausawa, kuma Zabarmawa da Hausawa sun yi tarayya a dara ta gargajiya, wadda su ke kira dili. Ana tona gurabe talatin a ƙasa, layi biyar gida shida-shida, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wannan tsakuwa wancan guntayen kara. Kafin a fara ci sai an gama zubi, ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a yarda kowa ya jera uku a lokacin zubin ba. Ɗan kallo yakan ga kamar ba a fara komai ba, har ya juya ya sayi goro. Tsohon hannu kuwa ya san a nan ake ƙulla wasan, don wanda ya zuba 'ya'yansa barkatai zai ƙare yana toshe ramukan wani. Abin da zubi yake a dara shi ne buɗi a ces: taku goma zuwa goma sha biyar na farko, inda ake kama tsakiyar allo, a fito da dawakai da giwaye, a kai sarki lungu a rufe shi.

Mai farare yana da taku ashirin da zai iya zaɓa a karon farko, mai baƙaƙe ma ashirin, wato fuska 400 bayan kowa ya taɓa sau ɗaya. In kowa ya taɓa sau biyu hanyoyin sun kai 197,281. Babu kan da zai ɗauke wannan, shi ya sa kowane ɗan wasa yake ware 'yan hanyoyin da zai riƙa bi, ya san su ciki da bai, ya bar sauran ga masu su. Sunan da ya fi dacewa da wannan tanadi a Hausa shi ne iri. Manomin shinkafa ba ya shuka duk abin da ke kasuwa. Yana da nasa biyu ko uku da ya san halinsu, wanda ke jure zurfin ruwa, wanda ke nuna da wuri, wanda 'yan kasuwa ke so, kamar jamila da faro 44 da suka bazu a fadamun Arewa. (Faro ɗin nan taƙaitaccen suna ne daga masu binciken noma, amma kunnen Bahaushe ya karɓe shi kamar daga faro aiki aka cire shi.) Ba ya kuma zaɓen iri don ya yi kyau a gonar maƙwabci, sai ya dubi tasa ƙasar da ƙarfin aljihunsa da yawan hannayen da zai samu ranar dashe. Ɗan ces ma ƙasarsa halinsa ne da lokacinsa: mai son rikici da mai son lallaɓa ba za su ajiye iri ɗaya ba, haka ɗan makarantar da ke da yini guda da magidancin da ba shi da sarari sai bayan isha'i.

Zaɓi na farko shi ne takun farko, kuma huɗu ne suka cinye kasuwar. Tura dakaren gaban sarki zuwa e4 yana buɗe wa sarauniya da giwa hanya nan take, faɗa yakan zo da wuri. Tura na gaban sarauniya zuwa d4 ya fi nauyin jiki, dakaren yana da mai tsaronsa tun daga gida, rigimar takan jira. Akwai c4, buɗin Ingila, wanda gwani Howard Staunton ya yi amfani da shi a karawarsa ta 1843, da kuma fitar da doki zuwa f3, mai ɓoye niyya.

Daga nan ikon fari ya ƙare, kuma wannan ne abin da ba a cika faɗa wa mai koyo ba. Mai tatsuniya in ta ce ga ta nan ga ta nanku, ta san amsar da za ta dawo mata, ta zo mu ji ta, ba ta canzawa. Mai sallama ma ya san abin da za a mayar masa. Takun e4 sallama ce da ba a san amsarta ba. Mai baƙaƙe yana iya cewa e5, ya tsaya ƙirji da ƙirji. Yana iya cewa c5, kariyar Sisiliya, ya ƙi gaba-da-gaba ya ɓullo ta gefe. Yana iya cewa e6, kariyar Faransa, wadda ta samo suna daga wasan da 'yan Paris suka yi da 'yan Landan ta wasiƙa a 1834, ya gina katanga ya zauna a bayanta, ko c6 ta Karo-Kan, ko ya jefo d5 tun a takun farko. Kowace amsa gona ce dabam, kuma baƙi ne ya zaɓi wadda za a shiga. Saboda haka littafin mai farare, in an buɗe shi, layi ɗaya ne nasa, sauran shafukan duk maganar abokin gabarsa ce. Wanda ya zauna nazarin fari zai ƙare da sanin baƙi fiye da yadda ya yi niyya.

A kan kowace amsa sai ya yanke shawara guda. Sisiliya ce ta fi cin lokaci. In ya bi ta babbar ƙofa, doki f3 sannan d4, ya shiga dajin da ke da rassa irin su Najdorf, inda gwanaye ke haddace taku ashirin da ɗoriya. In ba shi da wannan sarari sai ya bi ta c3, hanyar Alapin, wadda ba ta da ƙyalƙyali amma ba ta yi wa mai ita bazata. Ga mafi yawan masu wasa ta biyun ta fi hankali, ko da yake masu alfahari suna yi mata kallon raini. Faransa da Karo-Kan ana iya tura musu dakare zuwa e5 a matse su, tsari ɗaya ya yi aiki biyu.

Amsar e5 ita ce ajin farko, kuma a nan ake gane farin shiga, wanda shi ma farinsa na somawa ne. A wajen baƙi akwai gida ɗaya mai rauni, f7, dakaren da babu mai tsaronsa sai sarki. Farin shiga yana jin wannan labari sai ya kai giwa c4, ya fito da sarauniya h5, su biyun su auna f7. In abokin wasansa ma ɗanye ne, ya fitar da doki f6 yana murnar zai kori sarauniya, sai ta faɗa f7, sarki ya mutu a taku na huɗu. Daɗin wannan ci yakan lalata yaro shekara guda. Ranar da ya gamu da wanda ya sani, za a tare shi da g6, sarauniya ta ja da baya zuwa f3, doki ya fito f6 ya rufe ƙofar, can kuma ɗaya dokin ya yi tsalle d4 ya sake korarta. Tana ta gudu, baƙi yana ta fito da mutanensa, takun rancen nan ya koma hannun mai shi. Dara ta ci gida ke nan.

Buɗin Italiya yana auna gidan nan ne da ladabi: e4, doki f3, giwa c4, sarauniya tana zaune a ɗaki. In baƙi ya fito da dawakansa biyu, fari yana iya tura doki g5. Baƙi ya tare da d5, fari ya ci dakaren, to a nan ne ramin yake. In baƙi ya rama da dokin f6, abin da hannu ke so ya yi, sai dokin fari ya faɗa f7 ya ba da ransa, sarki ya ci, sarauniya ta fito f3 ta yi masa tsawa, dole ya tako e6, tsakiyar fili, don ya kare dokinsa. Sarki a tsakar kasuwa babu dogari. In kuwa baƙi ya san karatun, sai ya ƙyale dakaren, ya kai ɗaya dokin a5 ya kori giwa, ya yafe dakare ɗaya ya karɓi ragamar wasan. Mai farare da ya haddace reshen farko kaɗai, ya yi shuka ne yana addu'ar kada a yi iska.

Irin wannan bayar da kaɗan don a samu sarari shi ake kira gambit. Kalmar daga Italiyanci take, daga sa wa mutum ƙafa a kokawa, wato taɗiya, kuma limamin cocin nan na Sifen, Ruy Lopez, ya shigar da ita cikin littafinsa na 1561. Sai dai manomi yana da kalmar da ta fi taɗiya kama ma'anar, ita ce binne: a zuba iri a busasshiyar ƙasa tun ruwa bai sauka ba, don a riga kowa tsiro. In ruwan ya zo ya ɗore, mai binne ya ci kasuwa. In ya yi yayyafi ɗaya ya ɗauke, fari na uku ya shigo, iri ya tafi. Gambit na ɓangaren sarauniya, d4 sannan c4, binne ne a bakin fadama, don dakaren yakan dawo. Na ɓangaren sarki, e4 sannan f4, binne ne a kan tudu, mai shi ya yaye wa sarkinsa rufi da hannunsa. Tsakaninsu akwai wanda wani matuƙin jirgin ruwa, Kyaftin William Evans, ya ƙirƙira a shekarun 1820, wanda aka ɗauka ya tsufa har gwani Kasparov ya zaro shi ya kayar da takwaransa Anand da shi a Riga a 1995.

Akwai masu gudun duk wannan, su nemi tsarin da za su jera ko me baƙi ya yi. Mafi shahara yau shi ne tsarin Landan: d4, giwa f4, e3, doki f3, c3, kamar mai ɗaura laya. Dabarar tsohuwa ce. A shaɗaranji 'ya'yan ba su da sauri, dakare gida ɗaya yake takawa, wanda ya zama sarauniya daga baya ma gida ɗaya a karkace, don haka runduna biyu sukan daɗe ba su haɗu ba. Gwanayen Bagadaza irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a na 10 suna da jeri da suke kira ta'abiya, kowanne da sunansa, akwai mujannah mai fukafukai, akwai sayyal, wato mai malala kamar ambaliya. Sunan na biyu ba ya buƙatar sharhi ga wanda ke zaune a inda kogin Ngadda ke zubewa, ko wanda ya ga abin da madatsar Alau ta yi wa Maiduguri da Jere a Satumbar 2024. Sai da aka ba sarauniya ƙarfinta na yanzu a Sifen, wajen 1475, sannan taku ɗaya ya zama abin da ake mutuwa a kansa. Tsarin Landan yana rage karatu, kuma ba abin rainawa ba ne, tunda Ding Liren ya ci wasa da shi a karawar kambun duniya ta 2023. Aibinsa shi ne yana koya wa hannu tafiya ba tare da ido ba.

Yadda ake karatun kansa yana da misali a tsangaya, in dai hanyar koyo kaɗai ake nufi. A can tsarin ya juya, baƙi ne ke fari: yaro yakan soma da babbaƙu, haruffa tsirara, sai ya iya su sannan a kai shi farfaru, inda wasali ke sa harafi ya yi magana. Jerin taku a buɗin ces babbaƙu ne. Farfarunsa su ne dalilai: me ya sa giwa ta je c4 ba e2 ba, wane dakare ake so a tura nan gaba, wane ɗa ne in an yi musayarsa an yi riba. Mai babbaƙu zalla da zarar an kauce masa daga layi sai ya tsaya kamar an ɗauke wuta. Kayan karatun ba su da wuyar samu. Tun shekarun 1970 masana a Belgrade suka raba dukan buɗe-buɗe gida 500, daga A00 zuwa E99, yau kuma waya mai intanet tana nuna miliyoyin wasanni da hukuncin kwamfuta a kan kowane taku. Amfanin yana ga wanda ya ɗauki reshe ɗaya, ya bi cikakkun wasannin gwanaye biyar ko goma a kansa har ƙarshe, ya buga shi da mutane, in an ci shi ya koma ya nemo takun da ya fara ɓata, ya rubuta gyaran. Sauran aikin tilawa ce, don abin da ba a maimaitawa yana zubewa.

Gwanaye, kalmar da Barebari ke cewa goni, su kan mayar da irin nasu makami. Bobby Fischer ya yi kusan duk rayuwarsa a kan e4, sai a wasa na shida na karawarsa da Boris Spassky a Reykjavik a 1972 ya buɗe da c4, ya zarce cikin gambit na sarauniya, ya ci, har Spassky ya taya 'yan kallo tafi. A Landan a 2000 abin ya zo ta ɗaya gefen: Vladimir Kramnik ya tanadi kariyar Berlin, Kasparov ya yi ta dukanta da farare bai fasa ta ba, ya rasa kambunsa bai ci wasa ko ɗaya ba. A Bonn a 2008 Anand, wanda aka sani da e4, ya zo wa Kramnik da d4. Duk waɗannan watanni aka yi ana shirya su a ɓoye, don ba a fafe gora ranar tafiya, kuma mataimakan da aka yi shirin da su ba sa buɗe baki ko ga aminai. In ana dara fidda uwa ake.

Komai zurfin tanadi yana da bakin iyaka. Ga mai wasan unguwa yakan ƙare a taku na shida ko na takwas, ga gwani a na ashirin ko fiye, daga nan kowa da ƙwaƙwalwarsa. A gasa ana karɓa-karɓar launi, yau fari gobe baƙi, don haka irin farare rabin rumbu ne kawai. A wasan gindin bishiya kuwa ɗaya yakan ɗauki dakaru biyu, fari da baƙi, ya kai hannu baya ya cakuɗa, ya miƙo dunƙule biyu, ɗayan ya taɓa wanda ya ga dama.